Rakiyar Dada Saratu Zuwa Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ban huta da tambaya ba. A makaranta malamai su tambaya, a kasuwar Jimeta masu kifi su tambaya, ran Lahadi kuwa matan zumunta su tare ni tun ban fita ƙofar majami'a ba. Wata ta ce yaya abincinsu, wata ta ce wai da gaske ne motocinsu hannun dama suke bi? Na san ba abinci ne ya dame su ba. So suke su ji abin da ya faru da na shiga ɗakin Filibus, nauyi ne ya hana su tambaya kai tsaye. To bari in faɗa tun daga farko, kowa ya ji, ni ma in huta.

Ga wanda bai san mu ba, sunana Rahila. Ina koyarwa a wata firamare a Jimeta, muna zaune a Demsawo da maigidana Malam Ayuba, akawu a ofishin gona. 'Yarmu ta fari Hannatu ce. Wata damina, ana tsakiyar yaƙin basasa, muka sa ta a kwalekwale za ta haye Binuwai ta gaida kakarta. Mai kwalekwalen Filibus ne, ɗan majami'armu, yana cikin mawaƙa, ya sha cin tuwo a gidanmu. Ran nan ya loda buhunan gishiri fiye da kima. Mutane suka yi magana, ya ce ya san ruwa. A tsakiyar kogi jirgin ya kife. Kowa ya fita, ban da Hannatu. Filibus bai zo gaisuwa ba. Tun ba a tashi daga zaman makoki ba muka ji ya tsallaka Kamaru.

Ya bar tsohuwarsa, Dada Saratu, wadda ciwon yana ya rufe wa ido har ba ta gane fuska. Ban taɓa faɗa mata baƙar magana ba, amma in ta zauna a bencin hagu, ni sai in koma na dama. In kuma aka tashi addu'ar nan da muke farawa da kiran Allah Uba, leɓena yana motsi, murya ba ta fita. In Ubanmu duka ne, to Filibus ɗan'uwana ke nan, ni kuwa ban yarda da wannan ba.

Bana, damina na ƙarewa, sai ga Dada Saratu a ƙofar gidanmu tana dogara sanda. Wani mai fataucin goro ya kawo mata labari ɗanta na kwance a Garwa, can Kamaru, tarin fuka ya cinye shi.

Ta ce, "Malama, ke nake so ki kai ni."

Na ce, "Dada, duk matan majami'a ba ki ga kowa ba sai ni?"

"Ai ba na gani," in ji ta. "Kina jin Fillanci, kina karanta takarda. Kuma ke nake so."

Zan so in ce tausayi ne ya sa na yarda, amma ba shi ba ne. Akwai tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita, ba mai amsa ta a duniya sai Filibus: yaya 'yata ta ƙare? Ta yi magana? Ya miƙa mata hannu, ko kansa kawai ya ceta? Da na ji yana bakin mutuwa sai tsoro ya kama ni kada ya tafi da amsar. Na gaya wa Malam Ayuba zan yi rakiya. Ya dube ni, sannan ya ce in tafi da bargo. Na nemi izini wurin hedimasta, na karɓo takardar fita a ofis a Yola, muka shirya.

Lorin Gurin, garin bakin iyaka, muka shiga, mai bodin katako, mu da buhunan gyaɗa da wani tsoho mai zakara a hammata. Direban Bafulatani ne, Hausarsa irin tamu ta nan, mace da namiji duk "ka" ne. "Mama, ka zauna gaba da tsohuwa, baya zai karya shi." Na gode masa, ko da yake gaban ma ba daɗi, injin yana gasa mana ƙafa. Bayan Fufore tayar baya ta nutse a yashin wani rafi. Aka sauke kowa, maza suka yi ta tura, zakaran nan ya kuɓuce, mai shi ya bar turin mota ya bi shi cikin ciyawa yana zagi. Kowa na dariya. Ni kuwa rana nake kallo tana sauka, ina cewa a raina: yanzu haka Filibus yana can yana cikawa, mu muna nan muna bin zakara.

Dada kuwa tana gefena. Ƙunshinta yana kan cinya, ta rungume shi. Busasshen kifi ne da daddawa da gyaɗa da tsamiya, wai za ta dama masa kunun gyaɗa irin wanda yake so. Duk sanda ta ambaci abin da yake so sai in juya fuska waje.

A Gurin ba mu san kowa ba. Wata mai sayar da ƙosai a bakin tasha, Goggo Asta, ta gan mu tsaye da kaya, ta tambaye ni da Fillanci ina za mu sauka. Na ce ban sani ba tukuna. Ta kashe wutarta, ta kama hannun Dada, muka bi ta. Ta ba mu ɗakin 'yarta, ta kawo tuwon dawa da miyar kuka da ƙwaryar kindirmo. Da safe ta yi sallarta a tsakar gida, mu muka yi addu'armu a ɗaki, ba wanda ya tambayi wani. Da za mu tafi ta ce da ni, "Uwar mijinki ce?" Na ce a'a, maƙwabciya ce. Ta ce Allah ya ba ni lada. Na ɗauki kaya muka fita.

Ban taɓa tambayar kowa yadda ake tsallaka iyaka ta Gurin ba. Da na tambaya, da wataƙila ban taso ba. Muka gangara sai ga kogin Faro a gabanmu, ruwa ja, bai gama janyewa ba, ga kwalekwale ana ta loda masa kaya. Tun ranar Hannatu ban sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Ko bakin Binuwai ba na zuwa, kifi ma a cikin kasuwa nake saye. Na tsaya ina kallon buhunan da ake jibgawa, ban san sanda na fara ihu ba.

"Ku sauke! Kayan nan sun yi yawa, ku sauke!"

Mai jirgin ya yi dariya, ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki. Wannan magana ta ƙara tayar mini da hankali, don irinta na taɓa ji. Fasinjoji suka fara gunaguni, wata ta ce in tsoro nake ji in koma gida. Sai Dada ta juya wajen muryar mai jirgin ta yi masa magana da Batanci, yaren mutanen kogi, wanda ba na ji. Ban san abin da ta ce ba har yau. Mutumin ya daina dariya. Ya sa aka sauke buhuna da yawa, ya zo da kansa ya shimfiɗa mini buhu a tsakiyar jirgi.

Duk da haka na kasa ɗaga ƙafa. Dada ta laluba ta kama zanena. Ta ce, "Malama, ke ce idona. In kin tsaya na tsaya, ba komai. Sai mu koma."

Na shiga. Na runtse ido tun daga wannan gaɓa har waccan. Ina jin ruwa yana dukan katako, ina jin Dada tana rera waƙar majami'a ƙasa-ƙasa. Sai da muka sauka na ga farcena ya yi mata shaida a wuyan hannu, har da ɗan jini.

A ƙetare muka haɗu da jandarma, wato ɗan sandansu. Gajeren wando ne da shi da hula mai kama da mudu. Ya yi mana Faransanci, muka yi zuru, sai ya koma Fillanci. Takardata da Turanci aka rubuta ta, ya juya ta gaba da baya, ya ajiye. Ya ce ina ta tsohuwa? Dada ba ta da ko guda, ba ta taɓa sanin ana neman takarda kafin a je Garwa ba, a zamaninsu tafiya kawai ake yi. Ya ce mu zauna ƙarƙashin bishiya. Muna zaune rana ta take, sai na ga ya rufe ofis ya yi tafiyarsa. Ashe a can in rana ta yi tsaka kowa gida yake tafiya ya ci abinci ya kwanta, ko gwamna ne ke jira. Na zauna ina cizon yatsa, motar Garwa tana tsaye a gabanmu tana cika.

Da ya dawo ya ce a kwance ƙunshi. Ya sa hanci cikin daddawa, ya ja da baya yana atishawa. Sannan ya nuna ni ya tambayi Dada, "Wannan mece ce a wurinki?"

Na buɗe baki zan ce maƙwabciya, Dada ta riga ni. "'Yata ce. Za ta kai ni in ga wanta... a'a, ƙanenta. Yana mutuwa."

Ya dube ta, ya dubi idanunta farare, ya buga hatimi a bayan takardata ya ce mu wuce. A mota na so in ce mata kada ta sake kirana haka. Na duba hannunta inda na yaga, na fasa.

Maganar hannun dama gaskiya ce. Daga Turwa, garin ƙetaren kogin, zuwa Garwa, duk motar da ta taho sai in ga kamar kanmu za ta hau, har na ƙwalla ƙara sau ɗaya, direba ya ce wa fasinjoji 'yar Najeriya ce, suka yi ta dariya. Burodinsu kuma dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa da tauri, a hammata suke ɗaukarsa ba ko takarda. Sai an tsoma a kofi mai madara yake ciwuwa. Ga yawan musafaha: mace da namiji, in an haɗu a ba da hannu, in za a rabu a ba da hannu, ko da yanzu aka gaisa. Miyarsu ta yakuwa ce da gyaɗa, kusan irin tamu, sai dai ta fi tsami. Sulallanmu kuwa mai shago ya juya su ya mayar mini, sai da wata Bahaushiya mai tuwo ta canja mana.

A bakin kogin Garwa muka yi cigiyar Filibus. Masu dako suka san shi. Suka ce yana ɗaukar auduga zuwa jiragen ruwa, amma shi ko kusa da jirgi ba ya zuwa, a gaɓa yake sauke kaya. Da ciwo ya kayar da shi, mai bisharar wata ƙaramar majami'a ya ɗauke shi. Sunan mai bisharar Pol, wato Bulus a wurinmu. Shi da matarsa Marta suka karɓe mu. Kafin ya kai mu ɗakin Filibus ya ja ni gefe ya ce, "Yana karɓar magani, amma ba ya karɓar addu'a. In na fara sai ya juya wa bango fuska. Ya ce shi ba shi da Uba a sama, ya yi abin da ya fitar da shi daga gidan. Bai taɓa gaya mini mene ne ba."

Ɗakin ƙarami ne a bayan majami'a. Da ba a ce Filibus ba ne, da ban gane shi ba. Mutumin da ke ɗaga buhun gishiri da hannu ɗaya ya koma ƙashi da fata. Dada ta durƙusa tana shafa fuskarsa tana kiran sunansa na gida. Yana cikin kuka ya ɗago ido ya gan ni a bakin ƙofa. Ya yi yunƙurin tashi, tari ya turnuƙe shi.

"Adda Rahila," in ji shi, wato yaya, yadda yake kirana a da. Sai ya rufe fuska da zane.

Duk hanya ina shirya maganar da zan yi. Ta gudu. Na ce kawai, "Buɗe fuskarka. Gaya mini yadda ta ƙare."

Dada ta ce, "Gaya mata. Don haka na kawo ta. Ba za ka tafi da shi a ciki ba."

Ya faɗa, a gutsure, tari yana katse shi. Ya ce lodin laifinsa ne, kwaɗayi ne, an gaya masa bai ji ba. Da jirgin ya kife Hannatu tana kusa da shi. Ya cafko hannunta. Ruwa ya nannaɗe su, buhu ya buge shi a kafaɗa, yana ji yatsunta suna zamewa. Ya yi ta nutso yana lalube har masunta suka fizgo shi da ƙarfi.

Na ce, "Ta yi magana?"

Ya kau da kai. Na sake tambaya.

"Ta ce, 'Baba, riƙe ni.'" Ya fashe da kuka. "Haka take kirana, Baba Filibus. Ta ce in riƙe ta, Adda, na kuwa sake ta. Da wane ido zan zo gidanku?"

Na zaci in na ji amsa zan samu sauƙi. Ban samu ba. Na fita da sauri, na zaga bayan ɗakin na yi amai. Na ce wa Marta gobe zan koma gida, tsohuwa na kawo, na kuwa kawo ta. Ta ce gobe Lahadi ce, ba mota. Ta ba ni ruwa na sha.

Da safe na shiga majami'arsu don ba ni da wurin zuwa. Ginin laka ne da rufin kwano, maza da mata a cakuɗe, ba kamar mu da kowa ke da ɓangarensa ba. Abin da ya ba ni mamaki, komai da Fillanci suke yi. Mu a Jimeta Hausa ce harshen sujada, Fillanci kuwa na san shi a kasuwa da cikin garin Yola, ban taɓa jin an yi wa Yesu waƙa da shi ba. Wa'azin Pol ban riƙe komai a ciki ba, hankalina yana cikin kogi. Sai aka miƙe aka fara addu'ar nan, jama'a duka suka ce, "Baaba amin," wato Babanmu.

Baba. Kalmar da 'yata ta faɗa ke nan. A Hausa Uba muke cewa, da nauyi, da girma. A nan kuwa tsofaffi masu furfura suna cewa Baba kamar yara. Tun jiya abin da ke cina shi ne yarinyata ta yi kira, wanda ta kira ya kasa. A wurin nan ya faɗo mini cewa ba Filibus kaɗai ya ji kiran ba. Akwai wani Baban da ya ji, shi kuwa hannunsa ba ya zamewa. Ba ita kaɗai ba ce cikin ruwan nan. Na zauna a benci ina kuka, matar da ke kusa da ni ta dafa bayana ba ta san dalili ba.

Bayan wannan sai ɗaya tunanin ya biyo, wanda ban so ba. Bango ɗaya ne tsakaninmu da ɗakin Filibus, ina jin tarinsa ta cikin waƙa. Shi ma ɗan wani ne. Shekarun nan duka yana nutsewa, ya hana kansa kira. Na yi gardama da Allah a raina, na ce ba daidai ba ne a ƙaunace su ƙauna ɗaya, wadda aka kashe da wanda ya jawo. Amma na san ni ma uwa ce, in ɗana ya yi ɓarna ba ya daina zama ɗana.

Da aka tashi na leƙa ɗakin. Dada ta dama kunun gyaɗarta, tana ƙoƙarin ba shi, amma ba ta ganin bakinsa. Ludayin yana zuwa kunci, kunu yana zuba a wuya, shi kuma ba shi da ƙarfin riƙewa. Na tsaya ina kallo har na kasa jurewa.

"Kawo, Dada."

Na zauna a bakin tabarma. Ya ƙi buɗe baki, yana kallon ƙasa.

Na ce, "Sha. Tun daga Jimeta ta rungumo gyaɗar nan."

Ya sha. Ba ka jin komai sai ludayi da ƙwarya. Da ya kusa shanyewa na ce, "Filibus, abin da ka yi ka yi, ba zan ce ba ciwo ba. Wataƙila gobe in tashi da fushin nan kuma. Amma na yafe maka. In ya dawo zan sake yafewa."

Ya ce, "Allah fa?"

Na ce, "Ya riga ni. Ni ce na makara. Kira shi ka ji."

Dada ta lalubo hannunsa ta lalubo nawa. Muka fara addu'ar da Hausa, mu biyu. A layin farko muryata ta fita, har na ji ta baƙuwa a kunnena. Can wajen tsakiya wata murya ta uku ta shigo, a shaƙe, tana tsayawa tana tari.

Dada ta ce ba za ta dawo ba, za ta zauna da ɗanta, Marta ta yi mata wuri. Na bar masa bargon. Na juyo ni kaɗai. Jandarman nan ya gane ni, ya tambayi lafiyar ƙanena, na ce da sauƙi. Faro na haye shi ido buɗe, ko da yake na riƙe katako har yatsuna suka ƙage. Masu tambaya ko tsoro ya tafi, bai tafi ba.

Wani tsoron ma ya fi shi. Duk hanyar dawowa ina tunanin Malam Ayuba. Yarinya ta ce Baba cikin ruwa, shi yana ofis ran nan. In gaya masa ko in ɓoye? Daga Gurin na ce zan ɓoye. A Fufore na ce zan faɗa. Da muka shigo Yola ban san inda na tsaya ba.

Na iske shi da la'asar a tsakar gida, ya kifar da kekensa yana gyaran sarƙa. Ya yi mini sannu da hanya, ya ci gaba da aikinsa. Na ajiye kaya na zauna a kan turmi.

Na ce, "Baban Hannatu."

Ya ɗago, don na daɗe ban kira shi haka ba. Na gaya masa duka, ban rage ko kalma ba. Da na zo kan abin da ta faɗa, ya saki feda, tayar ta yi ta juyawa ita kaɗai har ta tsaya. Ya sa bayan hannu ya share fuska, baƙin mai ya shafe masa kunci.

Can ya ce, "Ya riƙe ta, ke nan. Da farko."

Na ce, "Ya riƙe ta."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Filibus zai kai Kirsimeti?"

"Ban sani ba."

Ya ce, "Lorin Gurin ɗin nan, wace rana yake tashi?"